GIRMAN KAI RAWANIN TSIYA: DARASI DAGA SHUGABANNIN DA DA NA YANZU

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama, alhali kuwa a cikin zauren nan akwai waɗanda suka koyar da ni, akwai kuma waɗanda suka bar makarantar nan tun ban san hanyar firamare ba. An nemi in yi magana a kan haɗarin girman kai ga shugabanni, na da da na yanzu. Maganar ta shafe mu kai tsaye, domin kuwa idan aka duba kujerun nan za a ga daraktoci da alƙalai da hafsoshi da masu riƙe da sarauta, waɗanda ba su kai can ba kuma suna kan hanya. Ni ma'aikacin gwamnati ne, aikina rubuta wa na sama da ni takarda da shawara, saboda haka ta wannan kusurwa zan dubi al'amarin.

Abin da nake so in tabbatar a wannan jawabi guda ɗaya ne. Babbar ɓarnar girman kai ga shugaba ita ce yana toshe masa kunne. Da zarar mutane sun gane cewa maigida ba ya son jin abin da ba shi da daɗi, sai su daina kawo masa shi. Daga nan sai ya riƙa yanke hukunci a kan labarin ƙarya, har ranar da gaskiya za ta shigo masa ba sallama. Kafin wannan rana ta zo kuwa, talakawa sun riga sun biya kuɗin.

MENE NE GIRMAN KAI?

Ya kamata mu bambanta girman kai da kwarjini, mu kuma bambanta shi da yarda da kai. Shugaba yana bukatar kwarjini, yana kuma bukatar ƙarfin zuciyar yanke shawara ko da wasu ba su so ba. Malamanmu na addini sun koya mana cewa ana gane girman kai da alama biyu: ƙin karɓar gaskiya, da raina mutane. Kyakkyawar riga da doki mai kyau ba sa cikin lissafi. Laifin farko da aka fara saɓa wa Allah da shi ke nan, sa'ad da Iblis ya ƙi bin umurni don yana ganin asalinsa ya fi na Annabi Adamu. Kowa a nan ya san ƙissar Fir'auna, wanda mulkin Masar ya ruɗe shi har ya yi da'awar allantaka. Abin da ba mu cika lura da shi ba a ƙissar shi ne, a cikin fadarsa akwai wani mumini daga danginsa wanda ya tashi ya ba shi shawara ta gaskiya, akwai kuma Hamana mai ce masa ya yi daidai. Fir'auna ya zaɓi Hamana. Duk shugabannin da zan ambata nan gaba, kowannensu an ba shi irin waɗannan mutum biyu, kuma zaɓin da ya yi a tsakaninsu shi ya yanke ƙarshensa.

SARKIN DA YA YI WA TEKU BULALA

Bari mu fara da ƙasar Farisa, wato Iran ta yau. A shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Zaksis, wanda daularsa ta taso daga kogin Indus har zuwa Masar, ya kai wa ƙasar Girka yaƙi. Masanin tarihin nan na Girka, Hirodotus, ya ba da labarin cewa da sarkin ya tara majalisarsa, kowa ya yi shiru sai baffansa Artabanus, wanda ya tuna masa cewa mahaifinsa ma ya tura runduna can an kore ta, ya kuma roƙe shi ya yi tunani. Sarki ya fusata, ya kira shi matsoraci, ya ce hukuncinsa shi ne a bar shi gida tare da mata.

Da rundunar ta doshi mashigin ruwan da ya raba Asiya da Turai, sai guguwa ta wargaza gadar jiragen ruwa da aka shimfiɗa. Zaksis ya ba da umurni a yi wa tekun bulala 300, a jefa masa mari, a kuma fille kawunan injiniyoyin da suka yi gadar. To jama'a, bayan an ga abin da ya sami teku da injiniyoyi, wane bafade ne zai sake zuwa da labari marar daɗi? A wannan shekarar sarkin ya hau tudu ya zauna kan kujerarsa yana kallo, Girkawa suka farfasa jiragensa a mashigin Salamis. Shekara ta zagayo aka murƙushe sojojinsa na ƙasa a Filatiya. A ƙarshe kuma, a shekara ta 465, shugaban dogaransa ne ya sa aka kashe shi a cikin fadarsa.

Bayan kimanin shekara 150, wanda ya rushe daular Farisa shi ma ciwon ya kama shi. Iskandar na Makidoniya ya hau gadon mulki yana da shekara 20, ɗalibin masani Aristotal ne, kuma bai taɓa shan kaye a babban fagen fama ba. Nasarar ce ta zame masa jarrabawa. Da ya ziyarci wurin bauta na Siwa a hamadar Masar aka gaishe shi a matsayin ɗan abin bauta, maganar kuwa ta zauna masa. A shekara ta 328, a wata liyafa a birnin Samarƙand, mawaƙa da 'yan koren fada suna ta fifita shi a kan mahaifinsa, sai wani tsohon barde mai suna Kilitus ya tashi ya tuna masa cewa jinin sojoji ne ya kai shi inda yake. Wannan Kilitus shi ne ya ceci ran Iskandar a yaƙin Giranikus shekara 6 kafin nan. Iskandar ya fizge mashi daga hannun dogari ya soke shi har lahira. Da shekara ta kewayo, marubucin tarihinsa Kalistenis ya ƙi yarda da sabuwar dokar faɗuwa a gaban sarki, aka laƙaba masa laifin makirci, ya mutu a tsare. A kan hanyar dawowa daga Indiya, Iskandar ya bi da sojojinsa ta hamadar Gedirosiya, ƙishirwa da yunwa suka kashe su da yawa. Ya mutu a Babila a shekara ta 323 yana da shekara 32, hafsoshinsa suka yayyaga daular, daga baya kuma aka kashe ɗansa da matarsa da mahaifiyarsa.

WANDA BAI JI BARI BA

Kada wani ya ce wannan halin mutanen zamanin jahiliyya ne. Napoliyon na Faransa mutum ne mai basira da aiki tuƙuru, dokokin da ya tsara har yau su ne ginshiƙin shari'ar ƙasashe da dama. A shekara ta 1811 jakadansa a Rasha, Janar Kolenkur, ya dawo gida ya shafe sa'o'i yana yi masa bayani cewa Rashawa ba za su tsaya a yi gaba da gaba a gama ba, za su yi ta ja da baya ne har faɗin ƙasa da sanyi su cinye rundunarsa. Napoliyon ya yi masa ba'a, ya ce Sarkin Rasha ya saye zuciyarsa. A watan Yuni na 1812 ya ƙetare iyaka da sojoji fiye da 400,000. Ranar 14 ga Satumba ya shiga Mosko ya tarar mutane sun watse, ba a jima ba gobara ta tashi ta ci birnin. Ya zauna mako biyar yana jiran takardar saranda da ba ta zo ba. Da ya juya a watan Oktoba, yunwa da sanyi da hare-hare suka yi wa rundunar kaca-kaca, waɗanda suka tsira ba su taka kara sun karya ba. Napoliyon ya ƙare rayuwarsa a tsare a tsibirin Santa Helena a shekara ta 1821. Duk abin da Kolenkur ya faɗa ya faru, amma iyayen waɗannan samari ba su sami 'ya'yansu ba don an gane gaskiyarsa daga baya.

Misalin da ya fi taɓa ni a matsayina na ma'aikaci daga ƙasar Sin ya fito. A shekara ta 1958 Shugaba Mawo ya ƙaddamar da wani gagarumin shiri na ciyar da ƙasar gaba cikin 'yan shekaru. Aka tattara manoma a gonakin gandu na gwamnati, aka sa mutanen ƙauye narka ƙarfe a bayan gida maimakon su kula da amfanin gona. Kowane jami'in gunduma ya san irin rahoton da ake so a sama, sai ya ƙara wa adadin hatsin da aka girbe gishiri, na lardi ya ƙara nasa, kafin takarda ta isa babban birni an ninka gaskiya. Gwamnati kuwa sai ta riƙa karɓar kasonta na hatsi bisa wannan adadi na ƙarya, har tana sayarwa ƙasashen waje, rumbunan manoma kuma babu komai.

A watan Yuli na 1959, a taron shugabannin jam'iyya a Lushan, Ministan Tsaro Pen Dehuwai, wanda ya zagaya ƙauyuka ya gani da idonsa, ya rubuta wa Mawo wasiƙa ta sirri cikin ladabi yana nuna masa matsalolin. Mawo ya sa aka buga wasiƙar aka rarraba wa mahalarta, aka yi wa Pen taron dangi, aka tuɓe shi. Saƙon ya isa kowane ofis a ƙasar, wato duk mai son kujerarsa ya yi shiru. Masana sun ƙiyasta cewa yunwar da ta biyo baya, daga 1959 zuwa 1961, ta kashe tsakanin mutum miliyan 15 zuwa miliyan 45. 'Yan'uwana masu aikin ofis, ku lura da kyau. Waɗanda suka cika waɗannan takardu ba sojoji ba ne, akawuna ne da jami'an gona da sakatarori irinmu, kuma alƙalami kawai suka riƙe.

A NAHIYARMU

Idan muka dawo Afirka, labarin da ya kamata kowane ɗalibi ya sani shi ne na Bokasa na Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Ya ƙwace mulki a daren shiga shekara ta 1966. A 1972 ya naɗa kansa shugaba na har abada, a 1974 ya ba kansa muƙamin soja mafi girma, duk wannan bai ishe shi ba. Ranar 4 ga Disamba 1977 ya ɗora wa kansa kambin sarauta a birnin Bangi, yana kwaikwayon Napoliyon, a kan karaga mai siffar gaggafa, da dawakin da aka yi odarsu daga Faransa. Bikin ya ci kimanin dala miliyan 20 a ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi talauci a duniya. A farkon 1979 aka tilasta wa 'yan makaranta sayen yunifom mai tsada daga kamfanin da ke da alaƙa da iyalinsa, a lokacin da iyaye ma'aikata suke bin gwamnati bashin albashi. Yara suka fita zanga-zanga. A watan Afrilu aka kama su da yawa aka cusa a kurkuku, kimanin 100 suka mutu. Yara ne sa'o'in ƙannenmu da ke zaune a bayan zauren nan. A watan Satumba na shekarar, yana ziyara a Libiya, sojojin Faransa suka sauka Bangi aka kifar da shi.

Mobutu na Zayar ya gina fadoji a ƙauyensu na Badolite, da filin jirgin sama mai iya karɓar jirgin Concorde, alhali hanyoyin ƙasar sun koma daji. Bayan shekara kusan 32 a kan mulki ya tsere a watan Mayu na 1997, ya mutu a Rabat bayan wata huɗu. Gaddafi na Libiya, wanda aka yi wa laƙabin sarkin sarakunan Afirka a 2008, ya kira masu zanga-zanga ɓeraye a 2011, kafin shekarar ta ƙare aka kashe shi a Sirte, ƙasar kuma ta faɗa cikin rikici.

Na san wani zai ce waɗannan ai azzalumai ne tun asali. To, ga misalin da ya fi kusa da mu, na mutumin da jama'a da dama suke ƙauna. Shugaba Tanja Mamadu na Nijar an zaɓe shi sau biyu, a 1999 da 2004, kuma mutanen karkara suna yaba masa. Da wa'adinsa ya kusa cika sai aka taso da kiran tazarce, wai sai shi ne zai iya ƙarasa ayyukan da ya fara. Kotun tsarin mulki ta ce hakan ya saɓa wa doka. A 2009 ya rusa majalisar dokoki, ya rusa kotun, aka yi ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta ta ƙara masa shekara 3. Bai cinye ko wata 7 daga cikinsu ba, domin ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji suka kutsa fadar ana tsakiyar taron ministoci suka tafi da shi. Da ya saurari alƙalan nan, da ya sauka da mutuncinsa cikakke. A nan Nijeriya ma an gwada neman wa'adi na uku ta hanyar gyaran tsarin mulki, Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin ranar 16 ga Mayu 2006, aka yi zaɓe a 2007 aka miƙa mulki. Bambancin wuraren biyu shi ne a wuri ɗaya mai cewa a'a ya tsira da kujerarsa, a ɗayan kuwa an kore shi.

ABIN DA KAKANNINMU SUKA SANI

Kakanninmu ba su jahilci wannan ciwo ba, sun kuma yi masa tanadi. A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka kafa majalisar Tara ta Kano. A zamaninsa ne kuma Shehu Magili ya zo Kano ya rubuta masa littafi a kan wajiban sarakuna, gargaɗin da ya fi nanatawa a cikinsa kuwa shi ne kada sarki ya ɓoye kansa daga talakawansa. A daular Oyo ta Yarabawa, majalisar manya bakwai ƙarƙashin Bashorun tana da ikon aika wa Alafin ƙwarya ba komai a ciki, ko ƙwan aku, alamar cewa ƙasa ta ƙi shi. Hatta wawan sarki a fadojinmu yana da aikinsa, shi ne yake fakewa da raha ya faɗi abin da hakimai suke jin nauyin faɗa.

Tarihin Gobir ya ba mu sarakuna biyu da za mu auna. Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo jarumi ne da ake tsoro ko'ina a ƙasar Hausa. Wajen shekara ta 1788 ya tara malamai a Magami lokacin Babbar Salla ya yi musu kyauta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. A gaban jama'a aka yi wannan, sarki mai ƙarfi irin Bawa yana iya ɗaukarsa raini. Amma ya saurara, ya amince da duka biyar, ƙasarsa kuma ta zauna a hannunsa har ya rasu. Yunfa, wanda ya zo daga baya, ya zaɓi ƙarfi. Aka kai wa mutanen Gimbana hari, Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, a watan Yuni aka gwabza a Tabkin Kwatto rundunar Gobir ta sha kaye, a 1808 kuma Alƙalawa ta faɗi aka kashe Yunfa. Gida ɗaya ne, malami ɗaya ne, shekara 20 kacal ke tsakani.

Tarihi kuma bai rasa shugabannin da suka fi ƙarfin zukatansu ba. Sayyidina Abubakar, a huɗubarsa ta farko bayan an yi masa mubaya'a a shekara ta 632, ya shaida wa jama'a cewa ba don ya fi su aka ɗora shi ba, ya kuma nemi su gyara shi idan ya karkace. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umar ya je karɓar birnin Ƙudus da riga mai faci. A zamaninmu, Senghor na Senegal ya sauka da kansa a ƙarshen 1980. Nyerere na Tanzaniya, wanda mutanensa suke kira Malam, ya sauka a 1985, bai kuma ɓoye cewa wasu manufofinsa na tattalin arziki sun gaza ba. Mandela ya yi shekara 27 a kurkuku, ya yi wa'adi ɗaya daga 1994 zuwa 1999 ya miƙa mulki, alhali da ya nemi ƙari da ya samu. Ba a rasa abin sukar waɗannan uku na ƙarshe ba, amma babu wanda ya mutu yana gudun hijira a cikinsu.

INA RABONMU A CIKI?

Hausawa suna cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ban yarda da karin maganar nan ɗari bisa ɗari ba, domin sarki ne yake zaɓen bafadensa. Amma akwai gaskiya a ciki, kuma mu 'yan boko mu ne fadawan wannan zamani. Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san yadda abin yake tafiya. Za a kawo sabon shugaba, mutumin kirki, yana gaisawa da masinja, yana buɗe ƙofarsa ga kowa. Sai a fara ce masa tunda aka kafa ma'aikatar ba a taɓa yin kamarsa ba. In ya yi raha ko ba ta da daɗi kowa ya ƙyalƙyale. In zai kai ziyara asibiti, a kwana ana fenti, a aro gadaje da magani, bayan ya tafi a mayar. Rahoton da ya ce an gama kashi 40 na aiki, kafin ya isa teburinsa ya zama kashi 80. Wanda ya rubuta gaskiya a fayil a ce ba shi da ladabi, a yi masa canjin wurin aiki zuwa inda ba a jin ɗuriyarsa. Bayan shekara biyu sai ka ga mutumin nan ya sauya, mu kuma mu koma gefe muna cewa giyar mulki ta bugar da shi, mun manta wanda ya riƙa cika masa kofi.

Saboda haka ina da roƙo ga rukuni uku. Na farko, yayyenmu da Allah ya ɗora a kan kujeru. Ranku ya daɗe, ku tambayi kanku yaushe rabon da wani na ƙasa da ku ya ce muku wannan ba daidai ba ne, kuma me ya same shi bayan ya faɗa. Idan an shekara ba ku ji irin wannan magana ba, kada ku ɗauka kun daina kuskure ne, mutane ne suka daina faɗa muku. A taro ku bar ƙananan ma'aikata su fara magana kafin ku bayyana ra'ayinku. Ku riƙa kai ziyara ba tare da sanarwa ba. Ku kuma riƙe abokan da kuka ci wake da shinkafa tare da su a ɗakin cin abincin makarantar nan, waɗanda suke kiranku da sunan da aka laƙaba muku a aji ɗaya, domin a ganina wannan yana cikin manyan amfanin Ƙungiya irin tamu.

Na biyu, takwarorina masu rubuta takarda. Ba a ce mu yi wa na gaba rashin kunya ba, gaskiya tana da lokacinta da lafazinta, kuma wadda aka faɗa a keɓe ta fi shiga. Amma adadi adadi ne. Idan rijiya 12 aka haƙa, kada mu rubuta 30. Idan kuɗin da aka ware ba zai isa ba, mu rubuta haka a fayil mu sa hannu. Na san abin yana da tsada, wani ya rasa ƙarin girma a kansa, wani an jefa shi ƙauye da iyalinsa. Sai dai tsadar shiru ta fi, kuma ba mu muke biyanta ba, mai haƙuri a layin asibiti da yaron da ke karatu a ƙasan bishiya su ke biya.

Na uku, ƙannenmu ɗalibai, musamman shugaban ɗalibai da mataimakansa da duk wanda ya zama siniya. Ikon da aka ba ku a kan 'yan aji ɗaya shi ne jarrabawarku ta farko a shugabanci. Wanda ya saba sa ƙaramin yaro tsallen kwaɗo don kawai ya kalle shi, in ya girma ya sami ofis ba sabon hali zai saya a kasuwa ba. Ku tuna cewa yaron da kuke aike ɗebo ruwa yau, wataƙila gobe a gabansa za ku miƙa takardar neman aiki. Duniya rawar 'yammata ce, na gaba ya koma baya.

KAMMALAWA

Mai girma shugaban taro, na ambaci sarakuna da shugabanni daga Farisa har zuwa Gobir. Babu wanda aka bari ba mai gargaɗi a cikinsu. Zaksis yana da baffansa, Iskandar yana da Kilitus, Napoliyon yana da jakadansa, Mawo yana da ministansa, Tanja yana da alƙalansa. Duk sun ji maganar da kunnensu, girman kai ne ya hana ta wucewa zuwa zuciya. Mu da muka fito daga wannan makaranta, wasunmu za a kawo musu gargaɗi, wasunmu kuma su ne za su kai shi. Ina roƙon Allah Ya ba na farko haƙurin saurare, Ya ba na biyu ƙarfin halin faɗa.

Allah Ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya ɗaukaka wannan makaranta, Ya ƙara haɗa kan Ƙungiyarmu, Ya ba ƙasarmu shugabanni masu jin magana, Ya kuma mayar da kowa gidansa lafiya.